Cibiyar binciken lafiya da maƙwabtanta: tambayoyi da amsoshi

Mutane da dama na wucewa ta gaban irin waɗannan gine-gine, su ga mai gadi a ƙofa da motoci masu tambari suna shige da fice, ba tare da sun san abin da ake yi a ciki ba. Wasu na zaton asibiti ne, wasu kuma na kallon wurin da zargi. Ga amsoshin wasu tambayoyi da aka saba yi.

Me ya bambanta cibiyar bincike da asibiti?

Asibiti na neman warkar da wanda ke kwance a gabansa yau. Cibiyar bincike amsar tambaya take nema: me ke jawo wannan cuta, yaya take yaɗuwa, wannan magani ya fi wancan ko kuwa? Amsar na iya ɗaukar shekaru, kuma wanda ya ba da jininsa ba lalle ne shi ya ci moriyarta ba. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S an fara aikinta tun shekarun 1980, amma sai a watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa yara ita. Wasu cibiyoyin na da ɗakin shan magani ko gadajen kwantar da marasa lafiya, shi ya sa ake rikita su da asibiti.

Su wane ne ke aiki a ciki? Duk likitoci ne?

Ko kusa. Likitocin da ke duba marasa lafiya su ne 'yan tsiraru a cibiyoyi da yawa. Kowane rukunin bincike na da shugaba, wanda shi ke neman kuɗin tallafi, shi kuma ake tuhuma idan wani abu ya lalace. A ƙarƙashinsa akwai waɗanda suka gama digirin digirgir suna aiki da kwantiragi, da ɗalibai, da ma'aikatan ɗakin gwaji waɗanda galibi su ne suka fi kowa daɗewa a wurin, suka san halin kowace na'ura. Sai ma'aikatan jinya, masu lissafin alƙaluma, masu shigar da bayanai a kwamfuta, masu kula da dabbobin gwaji, injiniyoyin lantarki, direbobi, masu shara, da ma'aikatan da ke bi gida-gida suna magana da jama'a.

Waɗannan na ƙarshen a tuna da su, domin za mu dawo kansu.

Yaya yinin mai aiki a ɗakin gwaji yake kasancewa?

Maimaici ne mafi yawansa. Ya sa farar riga da safar hannu, ya duba ƙwayoyin halittar da yake reno a cikin akwatin ɗumi da aka saita daidai da zafin jikin mutum, digiri 37. Idan ruwan da suke ciki ya sauya launi daga ja zuwa rawaya, ya san sun cinye abincinsu, dole a sauya musu. Su kuwa ba su san Asabar ko Lahadi ba, ba su san hutu ba. Sannan ya zauna ɗiban ɗigon ruwa da bututun awo yana zubawa a faranti mai ramuka 96, ɗaya bayan ɗaya. Waya ta yi ƙara, hankalinsa ya ɗauku, ya manta ramin da ya tsaya, aikin safiyar ya tafi ke nan. Duk abin da ya yi sai ya rubuta a littafin aiki da kwanan wata, har gwajin da bai yi nasara ba, kuma irin wannan shi ya fi yawa.

Abin da ke hana mutanen nan barci shi ne firiza. Ana ajiye samfura, wato jini da makamantansa da aka ɗiba don gwaji, a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wasu kuma a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Firizojin na da ƙararrawa da ke kiran wayar wanda ke bakin aiki ko da tsakar dare ne. A hutun Kirsimeti na 2023 a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, naitirojin ya daina isa ga wasu tankunan ajiya, samfuran da aka shafe shekaru ana tarawa suka lalace. Idan hakan na iya faruwa a cibiyar da ke zaɓen masu cin lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, ba wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya tsira.

Akwai kuma ƙa'idar tsaro mai matakai 4, gwargwadon haɗarin ƙwayar cutar da ake taɓawa. A mataki na 4, inda ake aiki da irin su Ebola, a yawancin wurare ma'aikaci na shiga ne cikin rigar da ta rufe shi ruf, ana tura masa iska ta bututu.

To me ya haɗa mai wannan aiki da jama'ar gari?

Komai nasa daga wurinsu yake zuwa. Jinin da ke cikin firiza na wani ne. Yaron da aka gwada wa sabuwar allura ɗan wata ne. A babban gwajin RTS,S da aka yi tsakanin 2009 da 2014, yara kimanin 15,000 aka shigar a ƙasashen Afirka 7, kuma kowane ɗaya sai da iyayensa suka yarda, suka riƙa kawo shi ana dubawa. A Matlab ta Bangaladash, cibiyar binciken lafiya ta icddr,b na bin diddigin haihuwa da mutuwa da ƙaura a ƙauyukan yankin tun 1966. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa idan mutane suka rufe ƙofofinsu.

Kuma sun taɓa rufewa. A 2004 a Kambodiya, da 2005 a Kamaru, an dakatar da gwajin maganin tenofovir don kariya daga cutar ƙanjamau bayan ƙorafin cewa ba a saurari matan da za a yi gwajin da su ba, ba a kuma fayyace wa zai ɗauki nauyinsu idan suka kamu da cutar ba. Daga baya an tabbatar maganin na ba da kariya. Ke nan kimiyyar na kan hanya, hulɗar ce ta gaza. Abin da ya biyo baya shi ne ƙa'idojin damawa da al'umma a gwaje-gwajen ƙanjamau da hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar fafutukar rigakafin ƙanjamau ta AVAC suka fitar a 2007.

Amma me ya sa mutane ke zargin masu bincike tun farko?

Domin an ba su dalili. A Tuskegee ta jihar Alabama a Amurka, hukumar lafiya ta gwamnati ta bi diddigin baƙaƙen fata maza 600 daga 1932 zuwa 1972, 399 daga cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu ainihin cutarsu ba, kuma da aka samu penisilin mai warkar da ita, ba a ba su ba, don a ga yadda cutar ke cin mutum har ƙarshe. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin sankarar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba. Har yau ana amfani da su a ɗakunan gwaji na duniya, iyalinta kuwa sun yi shekara fiye da 20 ba su sani ba. Ƙabilar Havasupai ta Arizona ta ba da jini don binciken ciwon sukari, daga baya ta gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilar. A 2010 Jami'ar Jihar Arizona, wadda masu bincikenta suka ɗebi jinin, ta biya diyyar dala 700,000 ta kuma mayar musu da jininsu.

Saboda haka idan wani ya ce bai yarda ba, kuskure ne a kira shi jahili. Wataƙila bai san waɗannan sunaye ba, amma abin da yake tsoro ya taɓa faruwa da wasu.

Ba don haka ake sa hannu a takardar amincewa ba?

Don haka ne. Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun kafa cewa ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa, bayan ya fahimci abin da za a yi, kuma yana da ikon fita duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi maganin da ya cancanta ba. Kafin a fara kuma sai kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya duba tsarin.

Sai dai sa hannu daban, fahimta daban. Takarda mai shafi goma sha wani abu, cike da kalmomin lauyoyi, tana kare cibiya fiye da yadda take faɗakar da wanda ya dangwala yatsa. Ga misali abu biyu masu wuyar bayani: cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi rukunin da za a sa ɗanka, ba likita ba, da cewa a wasu gwaje-gwajen wani rukuni na karɓar abin da ba magani a cikinsa don a kwatanta. Uwar da ta ga mai farar riga, abin da ke ranta shi ne zai ba ɗanta abin da ya fi dacewa da shi. Kafin ta gane ba haka lamarin yake ba, sai an zauna da ita, cikin harshenta, fiye da sau ɗaya.

Jinin da ake ɗiba, ina ake kai shi?

Wannan ce tambayar da ma'aikatan gida-gida suka fi sha, kuma jita-jitar cewa sayar da jinin ake yi ta bi cibiyoyin bincike a ƙasashe da yawa. Abin da ake ɗiba a kwalba ɗaya sau da yawa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, wato mililita 5, alhali jikin babban mutum na ɗauke da kusan lita 5. Ana manna wa kwalbar lamba maimakon suna, a juya ta a na'ura jinin ya rabu, a auna abin da ake nema, saura a daskarar ko a zubar bisa ƙa'ida. Wani lokaci ana tura samfuri wata ƙasa inda na'urar take, kuma wannan ya kamata a faɗa tun a takardar amincewa.

Bayani da baki bai cika kashe jita-jita ba. Abin da ya fi aiki shi ne a buɗe ƙofa, a shigo da wakilan jama'a su bi kwalba ɗaya daga hannun ma'aikaciyar jinya har cikin firiza, su leƙa madubin hangen ƙwayoyin cuta su ga ƙwayar zazzaɓi a cikin jini da idonsu. Gani ya kori ji.

Wannan hulɗa da jama'a, ba talla ba ce kawai aka sauya mata suna?

A wasu wuraren talla ce. A kawo ɗalibai su ɗauki hoto da farar riga, a buga a rahoton shekara, shi ke nan. Ba na raina ziyarar 'yan makaranta. Yarinyar da ta fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, daga 'ya'yan itace da sabulu da gishiri, ta gan shi fari kamar zare a cikin kwalba, ba ta mantawa. Amma ma'aunin gaskiya ɗaya ne a ganina: akwai abin da jama'a suka taɓa faɗa da ya sa aka sauya tsarin bincike? An rage yawan jinin da ake ɗiba? An sauya lokacin ziyara don kada ya ci karo da lokacin neman abincin mutane? An koma an gaya musu sakamako bayan an gama, ko da maganin bai yi aiki ba?

Kwamitocin ba da shawara na al'umma ba kyauta aka ba da su ba. Masu fafutukar ƙanjamau a Amurka ne suka matsa, har suka yi zanga-zanga a harabar NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, a 1990, suna neman kujera a inda ake tsara gwaje-gwaje. A Kilifi ta Kenya, shirin binciken lafiya na KEMRI-Wellcome da aka kafa a 1989 na da wakilai da mazauna yankin ke zaɓa da kansu, suna zama da masu bincike a kai a kai.

Aikin akwai kwanciyar hankali kuwa?

Akwai daɗi, akwai fargaba. Wani binciken jin ra'ayi da gidauniyar Wellcome ta wallafa a 2020, wanda masu bincike sama da 4,000 suka amsa, ya nuna kashi 84 cikin 100 na alfahari da aikinsu, amma kashi 29 kacal ke jin suna da tabbas a sana'ar. Dalili a fili yake. Kuɗin tallafi na shekara 3 ne ko 5, albashin mutane da yawa na rataye a kansa, kuma mafi yawan takardun neman tallafi ba sa samun shiga. Ƙaramin ma'aikaci kuma makomarsa na hannun mutum ɗaya, shugaban rukuni, wanda zai rubuta masa takardar shaida ya kuma yanke inda sunansa zai fito a maƙala. Wanda ke wannan hali ba ya saurin kai ƙara idan an ci zalinsa.

Katalin Karikó jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi a 1995 saboda ta kasa samun tallafi ga bincikenta kan mRNA, fasahar da daga baya aka yi allurar rigakafin korona da ita. A 2023 ta karɓi Nobel tare da Drew Weissman a kan wannan aikin. Labarin na da daɗin ji, amma waɗanda suka bar sana'ar a irin wannan gaɓa ba wanda ya ƙirga su.

Me halin da ma'aikata ke ciki ya shafi jama'ar waje?

A nan ne ma'aikatan gida-gida ke shigowa. Mutanen gari ba su san shugaban cibiya ba. Wadda suka sani ita ce matar da ke zuwa da jaka da takardu, wadda ta san sunayen 'ya'yansu. Ita ake tarewa a hanya idan yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, ita ake tambaya abin da takarda ba ta amsa ba, kamar ko za a duba ƙanin yaron da ba ya cikin bincike. Amma galibi ita ce mai gajeren kwantiragi da ƙaramin albashi, kuma ba kasafai sunanta ke fitowa a maƙala ba. Idan aka ɗora mata adadin mutanen da dole ta shigar a wata, za ta fara gajarta bayani, ba don mugunta ba. Idan tallafi ya ƙare aka sallame ta, yardar da ta tara ta bi ta, sabon aiki kuma sai ya fara daga tushe. Shi ya sa ya fi dacewa kuɗin hulɗa da jama'a ya fito daga asusun cibiya na dindindin, kada ya dogara da wa'adin kowane bincike.

Idan aka nemi in shiga wani bincike, me ya kamata in tambaya?

Tambayi wa ya ba da kuɗin, da wane kwamitin ɗa'a ya amince, ka kuma karɓi lambar wayar kwamitin, ba ta mai binciken kaɗai ba. Tambayi abin da za a yi da samfurinka, shekara nawa za a ajiye shi, ko zai bar ƙasar, da ko za a yi wani bincike dabam da shi nan gaba. Tambayi wa zai biya magani idan abin ya cutar da kai. Kuɗin da ake bayarwa na mota ne da lokacin da ka ɓata. Idan ya yi yawan da zai sa ka rufe ido ga haɗari, ka ƙara yin tambaya. Nemi kwafin takardar ka tafi da ita gida, ka yi shawara da wanda ka yarda da shi, ka ba da amsa wata rana.