Clamour (kalmar Ingilishi)

Clamour kalma ce ta Ingilishi da ke nufin ƙara mai ƙarfi da ke tashi daga bakunan mutane da yawa lokaci guda, irin hargowar kasuwa ko ta filin ƙwallo. A Ingila ana furta ta kamar "kilama". Turawan Birtaniya suna rubuta ta clamour, Amurkawa kuwa clamor, bin tsarin da Noah Webster, Ba'amurke mai haɗa ƙamus, ya ƙarfafa a ƙamusunsa na 1828.

Tushenta Latin ne, daga clamare, wato ɗaga murya ko kira. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Tushe ɗaya suka fito da claim, da'awar abu, da kuma proclaim, yin shela.

Wannan dangantaka da da'awa ita ce ƙashin bayan kalmar. Ihun wanda kunama ta harba ba a cika kiransa clamour ba, domin shi kaɗai ne, kuma ba ya neman kome a wurin kowa. Ana cewa clamour ne idan muryoyi sun taru, sau da yawa suna da buƙata: yara sun kewaye uwa suna neman abinci, ko ma'aikata a bakin ƙofa suna neman albashi. Akan faɗe ta kuma ga kukan garken tsuntsaye ko ƙarar injina.

A yau an fi cin karo da ita a jarida, inda babu ma wata ƙara da kunne zai ji. Jaridun Najeriya na Ingilishi suna yawan rubuta clamour for idan ana maganar 'yan sandan jihohi ko ƙirƙiro sababbin jihohi. Nan ne mai fassara kan yi tuntuɓe. In ya ce "ihu" ko "kururuwa", ya ɓata ma'anar. "Kiraye-kiraye" ko "matsin lamba" sun fi dacewa. Sai dai a lura, kalmar takan ɗauki ɗan ƙanshin raini, kamar a ce masu neman sun cika surutu, kuma "kiraye-kiraye" ba ta ɗauke da wannan.

'Yar'uwarta ta Faransanci tana nan da rai a dokar tsibiran Jersey da Guernsey, da ke tekun tsakanin Ingila da Faransa. Clameur de haro al'ada ce ta Normandi, wani yanki a arewacin Faransa: wanda yake ganin ana taɓa masa ƙasa ko gida sai ya durƙusa a gaban shaidu ya yi kiran "Haro!" sau uku, dole wanda ake ƙara ya dakata da aikin har kotu ta duba maganar.