Ina maganin feshi ke zuwa bayan ya bar bakin injin?

Tambaya: Ba a kan ganye maganin ke tsayawa ba?

Amsa: Ba dukansa ba. Iska na kwashe wani zuwa gonar maƙwabci, wani ya sauka ƙasa, ruwan sama ya wanke shi zuwa fadama da rafi, inda kifi da kwaɗi ke ɗanɗana kuɗarsu. Atrazine, maganin ciyawar masara, yana daɗewa a ƙasa har ya tsiyaya ya kai ruwan rijiya. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi ke nan a 2004. Kada a yi feshi in hadari ya haɗo ko iska na kaɗawa.

Tambaya: Me ya sa ƙwari ke ƙaruwa duk da ana feshi?

Amsa: Magani bai san abokin manomi ba. Yana kashe gizo-gizo da zanzaro masu cin tsutsa, sai tsutsar da ta tsira ta hayayyafa ba mai taka mata birki. 'Ya'yanta kuma sun gaji juriya. Manoman tumatir a Kano da Kaduna sun ga haka a 2016 da tsutsar sharon, wadda ke shigewa cikin ganye inda feshi ba ya kai mata. Ninka awo ɓarnar kuɗi ce. A riƙa sauya sinadarin da ke rubuce a jikin kwalba, don sunan kamfani na iya bambanta alhali guba ɗaya ce.

Tambaya: Ƙudan zuma fa?

Amsa: A guji feshi lokacin da amfani ke fure, don a lokacin ne ƙudan zuma ke sauka a kansa. In ya zama dole, a bari sai da yamma liƙis.

Tambaya: Zuba Sniper a wake don ajiya fa?

Amsa: Ganganci ne. Sinadarinsa dichlorvos ne, kuma ragowarsa ce ta sa Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhun PICS ya wadatar: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaro zai mutu don rashin iska. Amma ko hujin allura ya ɓata aikin, don haka a nesanta shi da ɓera.

Tambaya: Yaya za a yi da kwalbar da ta ƙare?

Amsa: A ɗauraye ta sau 3, ana juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda gindinta don kada wani ya zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Injin ma ba a wanke shi a bakin rafi.