Kukis na burauza da saitin sirri

Kukis ƙananan bayanai ne a rubuce da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauzar waya ko kwamfuta, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, Firefox da Safari, domin ya gane ta idan ta sake dawowa. Girman kowanne bai cika wuce kilobait 4 ba, kuma yawanci abin da ke ciki suna ne, da wata doguwar lamba, da ranar da zai daina aiki. Kuki ba manhaja ba ne, saboda haka ba ya buɗe hotunan da ke cikin waya, ba ya sauraren kira.

Asali

Tsarin HTTP da shafukan intanet ke gudana a kansa ba ya tuna kowa. Duk lokacin da mutum ya danna wani abu, shafin yana ɗaukarsa baƙo ne sabon zuwa. Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, shi ya ƙirƙiro kukis a 1994 domin shagunan intanet su riƙa tuna kayan da mai saye ya zaɓa kafin ya biya. Jama'a ba su san ana ajiye musu komai a kwamfuta ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kai a Fabrairun 1996. Ƙa'idar RFC 6265 da ta tsara yadda suke aiki ta fito ne a 2011.

Yadda suke aiki

Wanda ya taɓa kai waya shagon caji ya san lambar da mai shago ke miƙo masa. Mai shagon ba lallai ya riƙe fuskar kowa ba, lambar yake dubawa, kuma wanda ya kawo ta shi zai karɓi wayar. Haka kuki yake. Da zarar mutum ya shigar da suna da kalmar sirri a Facebook ko Gmail, shafin zai ba burauzar lamba, ita kuma ta riƙa nuna ta a kowace buɗewa, shi ya sa ba a sake tambayar kalmar sirrin. Burauzar kawai shafin ya sani, bai san hannun da ke riƙe da wayar ba.

Wasu kukis na ɗan lokaci ne, an tsara su su ɓace idan an rufe burauza. Wasu kuma suna daɗewa, ko da yake tun 2022 Chrome ba ya barin wa'adin kuki ya wuce kwana 400 sai an sabunta shi. Waɗanda aka fi cece-kuce a kansu su ne kukis na bare, wato waɗanda ba shafin da aka buɗe ne ya ajiye su ba, wani kamfanin talla ne da ya lafe a cikinsa. Idan kamfani ɗaya yana da talla a shafuka dubbai, zai iya haɗa tarihin yawon mutum kaf. Shi ya sa wanda ya duba farashin injin ban-ruwa yau, gobe sai ya ga tallar injin tana binsa har shafin labaran ƙwallo. Firefox ta fara toshe kukis masu bin sawu kai tsaye a 2019, Safari ta toshe na bare gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa zai cire su daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗage lokaci, a Yulin 2024 kuma ya janye maganar.

A ƙauyukan Kano da Jigawa

Yawancin rubuce-rubucen da ake yi kan kukis kamfanonin talla suke hange. A karkara haɗarin ya fi haka kusa, domin waya ɗaya takan yi hannu da yawa. Maigida ya ara wa ƙaninsa, uwa ta ba ɗanta ya duba mata saƙo, a bar ta wuni guda wurin mai caji ko mai gyara ranar kasuwar Wudil ko ta Maigatari. Ɗalibi kuma ya hau mota zuwa Dutse, ko Haɗeja, ko Bichi, ya shiga imel ɗinsa a kwamfutar kafe don buga takardar JAMB ko duba sakamakon NECO, ya biya kuɗi ya tashi. Rufe shafi ba fita daga asusu ba ne. Kukin yana nan, kuma wanda ya zauna bayansa zai tarar da akwatin imel ɗin a buɗe, ba tare da ya san kalmar sirri ko an turo masa lambar tabbatarwa ba. Da imel kuwa ake canza kalmar sirrin sauran asusu.

Wanda ya tuna sai bayan ya koma gida, akwai gyara. Google da Facebook duk suna da wuri a sashen tsaro da ke nuna na'urorin da asusun yake buɗe a kansu, kuma daga nan ana iya korar wadda ba a yarda da ita ba. Canza kalmar sirri ma yana taimakawa.

Saiti

A Chrome na Android, ɗigo ukun da ke kusurwar sama ta dama su ke kai mutum saiti, daga nan sashen sirri da tsaro, inda ake goge bayanan bincike da toshe kukis na bare. Opera Mini da Phoenix, waɗanda ake yawan gani a wayoyin Tecno, itel da Infinix, su ma suna da wurin gogewa a saitinsu. Kafin a goge sai a tabbata an san kalmar sirri, domin gogewar tana fitar da mutum daga shafuka, kuma mutane da yawa wani ne ya buɗe musu asusun. Toshe kukis gaba ɗaya ba dabara ba ce, shafin banki da na makaranta za su ƙi shiga. Mai neman fili a waya kuwa, ba kukis ne suka cika ta ba. Ma'ajiyar wucin gadi ta hotuna da shafuka ita ke cin wuri, kuma goge ta na sa a ƙara kashe data wajen sake sauke su.

A wayar aro ko kwamfutar kafe, abin da ya fi sauƙi shi ne shafin ɓoye, wanda Chrome ke kira Incognito, mai alamar hula da tabarau. Idan aka rufe duk shafukansa, kukis da tarihin suna tafiya. Amma ba ya ɓoye mutum daga kamfanin layi ko shafin da ya ziyarta, kuma abin da aka sauke yana nan a na'urar. Saitin burauza kuma bai shafi manhajoji irin su WhatsApp da TikTok ba, kowace da nata saitin.

Doka

Akwatin neman amincewa da ke tare fuskar shafuka ya samo asali ne daga dokar Tarayyar Turai ta 2002 da aka gyara a 2009, sannan dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ta ƙara tsaurara shi. Yawanci maɓallin amincewa da duka shi ake yi wa launi mai ɗaukar ido, na ƙi kuma a tura shi ciki, alhali shafi yakan yi aiki lafiya da kukis na dole kaɗai. A Najeriya, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019, a Yunin 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum damar janye amincewar da ya bayar, da neman a goge bayanansa, da kai ƙorafi gaban hukumar.