Waiwaye: Yadda fayint ya gagari lita a mashayun Birtaniya

A kantunan Birtaniya, da mililita ake rubuta awon kwalbar giya. Amma mai mashayar da ya tsiyayo giya daga famfon ganga ya sayar da ita da lita, to ya taka doka. Dokar awo ta 1985 fayint ta sani, wato mililita 568, da rabinsa da sulusinsa. Sai a 2011 aka ƙara sulusi biyu.

Maganar ta daɗe. Tun a 1215 yarjejeniyar Magna Carta ta nemi ma'auni ɗaya na giya da hatsi a duk masarautar Ingila. A ƙarshen ƙarni na 17 kuma majalisa ta tilasta sayar da giya a kofuna masu hatimi, saboda masu mashaya sun ƙware wajen tauye mudu. Fayint na yanzu dokar 1824 ce ta tsayar da shi. Lokacin Amurka ta riga ta ɓalle, shi ya sa nata ya tsaya a mililita 473.

Da yawa suna ɗora wa Turai laifin shigowar lita da kilo, alhali gwamnatin Birtaniya da kanta ta ɗauki hanyar a 1965, shekara 8 kafin ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai. A 1995 awon wiski a mashaya ya koma mililita 25 ko 35, ba a yi wata hayaniya ba. A 2001 kotu ta samu Steve Thoburn, mai kayan gwari a Sunderland, da laifi kan sayar da ayaba da tsohon awo. Giyar famfo ce dai babu gwamnatin da ta yi gigin taɓawa, don ta san masu ƙuri'a a mashaya suke zama da yamma. A 2007 kwamishinan Tarayyar Turai Günter Verheugen ya sanar cewa fayint zai ci gaba da zama ba wa'adi.

Abin da ya yi saura rigimar tambari ce. A 2006 alamar CE, ta cika ƙa'idar Tarayyar Turai, ta maye gurbin kambin sarauta a jikin kofuna, gwamnatin Boris Johnson kuma ta yi ta yayata dawo da shi a 2022. Da aka nemi ra'ayin jama'a kan faɗaɗa tsohon awo zuwa sauran kaya, kashi 98.7 cikin ɗari suka zaɓi lita da kilo. A Disambar 2023 gwamnati ta jingine shirin, ta dai sanar za ta halatta kwalbar giyar inabi mai cin fayint guda.