Me ake nufi da "cikakkiyar bishara"?

Kalmar nan ta yawaita a bakin fastoci da dattawan ikilisiya, amma ba kowa ne ke nufin abu ɗaya da ita ba. Asalin ma'anarta shi ne aikin ikilisiya ya haɗa abu biyu: sanar da mutum labarin ceto ta wurin Yesu, baki da baki, har ya kai ga tuba, da kuma kula da cikinsa da lafiyarsa da haƙƙinsa. Inda ake samun saɓani shi ne idan kuɗi da ma'aikata ba su isa duka biyun ba, wanne za a sa a gaba?

Gardamar ta daɗe. A farkon ƙarni na 20, wani fasto a Amurka, Walter Rauschenbusch, ya koyar cewa Mulkin Allah ya shafi kawar da zaluncin da ake yi wa leburori da talakawa. Masu riƙe da wa'azin tuba suka ga kamar ana son mayar da coci ƙungiyar agaji, da yawansu suka ja baya daga irin wannan aiki. A 1974 Billy Graham, mai wa'azi ɗan Amurka, ya kira babban taro a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, inda René Padilla da Samuel Escobar, 'yan Kudancin Amurka, suka dage cewa ba a raba wa'azi da adalci. Yarjejeniyar da aka fitar, wadda John Stott, wani fasto ɗan Ingila, ya jagoranci rubutawa, ta ce duka biyun wajibi ne a kan Kirista, amma ta ƙara cewa bishara ce kan gaba. Wani zama a Grand Rapids ta ƙasar Amurka a 1982 ya fayyace dangantakar: taimako 'ya'yan bishara ne, yakan zama gada zuwa gare ta, kuma abokin tafiyarta ne.

Batun gadar nan ne ya fi shafar mu a Sakkwato. A zamanin Turawa an taƙaita wa mishan shiga masarautun Musulmi. Aikin jinyar kutare, kamar wanda ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta karɓa a Amanawa, kusa da Sakkwato, a shekarun 1930, na daga cikin ƙofofin da suka buɗe. An yi jinya ta gaskiya, amma tun daga lokacin mutane ke tambaya ko magani tarko ne. Duk ikilisiyar da za ta raba hatsi ko ta haƙa rijiya a nan, to ta san tambayar tana nan da ranta.

A ganinmu, "kan gaba" ba ya nufin a bar mayunwaci da yunwa sai ya saurari wa'azi. Yakubu 2:15-16 ya riga ya kashe wannan magana. Abin da yake nufi shi ne gwamnati da ƙungiyoyi na iya haƙa rijiya, amma ba wanda zai faɗi bishara in ikilisiya ta yi shiru. Don haka ikilisiya ba ta da ikon sakin wannan ɓangaren, ko da ɗayan ya fi jawo yabo da tallafi.

Tsarin da ya fi aiki yana cikin Ayyukan Manzanni 6. Da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su bar addu'a da koyarwa ba, ba su kuma yi watsi da gwaurayen ba. Mutum bakwai aka zaɓa don rabon. Haka ya kamata a yi yau: kwamitin taimako daban, masu ziyarar bishara daban, su fita biyu-biyu kamar yadda Luka 10:1 ya nuna. A ware asusu biyu da littafi biyu, domin idan aka haɗa baiko wuri ɗaya, buƙatar gaggawa kullum ita ke cinye kuɗin, mai bishara a ƙauye ya yi watanni ba a aika masa komai ba.

Ranar rabo kuwa, a bi jerin sunayen mabukata, ba jerin membobi ba. Wanda ya gudo daga Isa ko Sabon Birni saboda 'yan bindiga, a auna masa mudu daidai da na kowa, ba tare da an tambaye shi addininsa ba. Kada a ce sai ya zauna an gama wa'azi, kada a ɗauki hotonsa don rahoto ba da yardarsa ba. Idan aka gindaya sharaɗi, abu biyu kan lalace: maƙwabta su ɗauka ana sayen imani, a kuma tara mutanen da za su watse ranar da buhu ya ƙare. Yesu da kansa ya faɗa wa taron da ya bi shi cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su, a Yahaya 6:26.

Kuskuren ɗaya gefen ya fi wuyar ganewa, domin yana zuwa a hankali. Makaranta ko asibitin ikilisiya ya bunƙasa, fasto ya koma sa ido kan albashi da gini, ajin sababbin tuba ya mutu ba wanda ya lura. Dattawa su riƙa dubawa duk wata uku: gidaje nawa aka ziyarta, mutum nawa ke ajin baftisma, kuma wa ke bibiyar kowannensu da sunansa.