Daga mutum 5 zuwa 50: yadda dokar rajistar ƙungiyar ƙwadago ta sauya a Nijeriya

Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1938 ta ce ma'aikata biyar ma sun isa su yi rajistar ƙungiya. A ƙarƙashinta ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Michael Imoudu ta samu takardarta a 1940. Sauƙin nan ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, kusan kowane kamfani da tasa, har suka kai ɗaruruwa. Gwamnatin soja ta ɗaga adadin zuwa 50 a 1973, sannan a 1978 ta tattara su cikin manyan ƙungiyoyi 42 na sana'o'i, Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, ta zama uwarsu ɗaya tilo.

Adadin 50 ɗin yana nan har yau, masu ɗaukar ma'aikata kuwa biyu sun wadatar. Za a miƙa takardar neman rajista ga Magatakardan Ƙungiyoyin Ƙwadago a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ɗauke da sa hannun mambobin, da kundin tsarin ƙungiyar, da sunayen shugabanni. Shi kuma ya buga sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ya ba da wata uku ga duk mai ƙorafi.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 3 na dokar ƙungiyoyin ƙwadago. Sai ministan ƙwadago ya amince, kuma ba a yi wa sabuwar ƙungiya rajista inda akwai wata da ke wakiltar ma'aikatan. Ko kun tara sa hannu dubu, wannan sharaɗi kaɗai zai iya tsayar da ku. A kansa ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta kafa hujja lokacin da aka ba CONUA, wata sabuwar ƙungiyar malaman jami'o'i, takarda a 2022, ana tsakiyar yajin aikin ASUU.

Akwai waɗanda dokar ta hana shiga ƙungiya ɗungurungum: sojoji, 'yan sanda, kwastam, jami'an shige da fice, gandirobobi da ma'aikatan Babban Banki.

Gyaran 2005, zamanin Obasanjo, ya ba da hannun dama ya karɓe da hagu. Shiga ƙungiya ta zama ganin dama, TUC, gamayyar ƙungiyoyin manyan ma'aikata, ta samu zama uwar ƙungiya ta biyu, amma yajin aiki sai an kaɗa ƙuri'a mafi rinjayen mambobi sun yarda. Wanda ya saɓa, tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun.