Yarjejeniyar al'umma da ikon jama'a: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wai a ina aka sa hannu a wannan yarjejeniya?

Ba a sa ba. Babu takarda, babu shaidu. Ma'auni ce: a ɗauka babu hukuma kwata-kwata, wane irin mulki mai hankali zai yarda ya bi, kuma bisa wane sharaɗi?

Wa ya ƙirƙiro ta?

Ba mutum ɗaya ba ne, masana falsafa ne da dama, a daina yi musu kuɗin goro. Thomas Hobbes ya yi rubutunsa a 1651, bayan yaƙin basasa ya ɗaiɗaita Ingila, ya ce a miƙa wa mai mulki iko dungurungum don a tsira da rai. John Locke, a 1689, ya ce mulki amana ce ta tsare rai da 'yanci da dukiya. Rousseau kuwa, a 1762, ya ce iko na jama'a ne, ba a sayar da shi, ko 'yan majalisa ba sa maye gurbinsu.

To idan gwamnati ta ci amana, sai in daina bin doka?

Yi a hankali, nan ne mutane ke zamewa. A wurin Hobbes kusan babu wannan ƙofa, sai in ranka ake nema ko mai mulki ya kasa kare ka. Locke ya buɗe ta, amma ba don kuskure ɗaya ko doka ɗaya da ba ta yi maka daɗi ba. Sai an ga zalunci a jere yana nufar wuri guda: ana karɓar haraji ba da yardar wakilai ba, ana hana majalisa zama, ana murɗa tsarin zaɓe, kotu kuma ta daina jin ƙara. A kan irin wannan hujja Amurkawa suka balle daga Ingila a 1776. Duk da haka, haƙƙin na jama'a ne a dunƙule, ba naka kai kaɗai ba. Matsalar ita ce wa zai yanke cewa an kai wannan matsayi, tunda kowane mai juyin mulki cewa yake yi da yawun jama'a ya zo. Shawarata: muddin zaɓe da kotu da jarida suna aiki, ko da ɗingishi ne, ta nan za a bi. Wanda ya zaɓi ƙin bin wata doka don nuna adawa, ya yi a fili, ba da makami ba, ya kuma shirya wa hukuncin.

Amma ni ban taɓa cewa na yarda ba.

Kada ka damu, tambayarka da nauyi. Locke ya ce zamanka a ƙasa yarda ce a fakaice. David Hume, wani masanin falsafa, ya mayar masa da martani: wanda aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, za a ce ya yarda da mulkin matuƙi don bai faɗa teku ba?

Ke nan masu rinjaye sai abin da suka ga dama?

A'a! Kashi 51 cikin ɗari ba su ne jama'a duka ba. Don haka ake rubuta tsarin mulki, a tsaurara hanyar gyara shi.